Ruwan da Akuyar Inna Kande Ta Sha

"...da gajiya, amarya? Na ga ko tabarma ba a shimhiɗa ma maigida ba."

"Babu gajiya. Maigidan da ba shi kawo ko gishiri, ƙasa ta ishe shi."

Sammani ke nan da kakarsa Inna Kande, a Tsamaye, shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana da ciki, rijiyoyi suka koma laka. Sammani sabulun ruwa da man shafawa yake haɗawa yana sayarwa a kasuwar Sabon Birni. Da farin nan ya tsananta sai ya fito da ruwan goge fuska, wanda ake ɗigawa a auduga a share fuska ba sai an ɗauraye ba, mata kuwa suka yi masa caa. Jiya tayar babur ɗinsa ta yi faci, ya bar galan guda a ɗakin tsohuwar. Yau ya dawo ɗauka. Bakinta dai yana nan da kaifinsa, amma idonta ba a kansa yake ba.

"Ina galan ɗina, mai jan murhi? Bayan randa na aje shi."

"Ka aje ruwa garai-garai bayan randar da tab bushe, kat tahi ba ka ce komi ba. Na ce yau dai mijin nan ya yi abin kai."

Dariyar Sammani ta tsaya cak. "Inna, kin sha?"

"Da ni nis sha da sauƙi. 'Yar Ja na ba."

'Yar Ja ita ce akuya ɗaya tak da fari ya bar wa tsohuwar, ga ta da tsohon ciki. Tana kwance a gindin aduwa, ta miƙe wuya, ko tuƙa ba ta yi. Sammani ya san in akuyar nan ta tafi, babu abin da ya rage a gidan sai turmi.

"Da yawa tas sha?"

"Rabin ƙwarya, tay yi atishawa tab bar sauran. Zauna ka hwaɗi min abin da kaz zuba ciki, ɗaya bayan ɗaya. Ka yi min ƙarya in kai ka gaban alƙali shi raba aurenmu."

"Alƙali za ya gode min da nir riƙe ki har yau. Kusan duka ruwa na, Inna. Tataccen ruwa, wanda aka dahwawa a tare tururinshi."

"Jama'a na neman na sha, kai kana can kana kamun hayaƙi. Sai mi?"

"Sai gilisarin. Shi ka hana hwata bushewa. Yana da ɗan zaƙi, har cikin maganin tari ana sa shi."

"Shi yas sa tal lashe baki, marar kunya. Halinku ɗaya. Sai mi?"

"Ruwan wardi, don ƙamshi."

"To ga ta can tana ƙamshin amare, sai ka kai sadaki. Sai mi?"

"Ɗigo kaɗan na maganin hana ruɓa."

"Wanga da ni ka ba, da na ƙara shekara ashirin ina cin ranka. Shi ke nan?"

Sammani ya sosa ƙeya. Tsohuwar ta tsare shi da ido.

"Saura ɗaya. Wani sinadarin wanki, ɗan'uwan sabulu amma mai sanyi. In ya shiga ruwa sai shi dunƙule ƙanana-ƙanana, ido bai ganinsu. Bayansu na son ruwa, cikinsu na son mai. In an goga a huska sai su kama maiƙo da datti, kamar yadda ƙarangiya ka kama zane."

"Yanzu ƙarangiyar taka na cikin cikinta. Mi take kamawa can? Ɗan da ke ciki?"

"Ban sani ba, Inna. Don huska nih haɗa shi."

Tsohuwar ta juya tana kallon akuyar. Sammani ya haye kan katanga inda waya ke kamawa, ya kira wani malamin dabbobi da ya sani a garin Isa, ya jero masa kayan haɗin kaf. Ya sauko yana share gumi.

"Ya ce sinadarin bai da yawa, amma a ba ta ruwa mai kyau ta sha ta ƙoshi. In cikinta ya kumbura a kawo ta maza. In ta koma tuƙa, an tsira."

Ya leƙa randa, wayam. Ya ɗaga butar alwala, babu nauyi. Kusa da buzun sallarta sai ga wani faffaɗan dutse da tafin hannu ya goge har yana sheƙi.

"Inna, taimama kike yi?"

"Ina ruwanka da sallata, ɗan sa-ido?"

"Ɗan ruwan da aka ɗebo miki hwa?"

"Ita da ciki, ni babu. Wa ya kamata shi sha?"

Sammani ya fita wurin babur, ya kwance jarkar tataccen ruwan da ya sayo don haɗin kasuwa mai zuwa, ya tuttula a kasko, sauran ya juye a randa. 'Yar Ja ta sunsuna, ta kafa kai. Suka zauna suna kallonta har inuwar aduwa ta matsa, kowa yana addu'a a ciki. Can ta miƙe, ta girgiza kunnuwa, wuyanta ya motsa, muƙamuƙi ya fara juyawa.

"Alhamdu lillahi," in ji tsohuwar. Ta share ido da gefen gyale, sannan ta gyara zama. "Na hwasa zuwa kotu. Abin da tah haihwa naka na, kada a ce amaryarka ba ta taɓa yi maka kyauta ba."

"In biyu ta haihwa hwa?"

"Kwaɗayi za ya kashe ka. Kawo abin naka in gani, tunda akuya ta riga ni."

Ya ɗiga sauran na galan a auduga, ya durƙusa ya share mata goshi da kumatu a hankali. Audugar ta fito jawur da ƙurar kwanakin taimama. Ta karɓa ta duba, ta kwashe da dariya.

"Ashe gona nike ɗauke da ita. Je ka cika min buta, maigida, azahar ta yi."