Lambar Banki Tana Hannun Inna

Ranar Talata da hantsi na tsaya a shagon mai tabarau, surukina a gefena, na miƙa katin bankina da nutsuwar mutumin da ya san abin da ya ajiye. Yarinyar da ke kan kanta ta saka shi a na'ura. Na'urar ta yi ɗan tunani, ta yi ƙara, ta tofo wata 'yar takarda. Yarinyar ta dubi takardar, ta dube ni, ta yi min irin murmushin da nake yi wa ɗalibin da ya faɗi jarrabawa amma rubutunsa na da kyau.

Bari in bi abin daki-daki, yadda na saba a aji. Ni malamin makaranta ne, koyarwa ta kawo ni ƙasar mutane tare da iyalina. Albashin nan, haya da cefane ke raba shi tun bai huce ba. Ɗan abin da na tara lokacin da nake aiki a gida yana can bankin gida, katinsa ne a aljihuna. Mahaifin uwargidana ya kawo mana ziyara, jibi zai koma. Tun zuwansa na lura in zai duba waya sai ya miƙe hannu iyakar tsawonsa, kamar mai tsoron kada ta cije shi. Na ce, "Baba, kafin ka tafi sai na yi maka tabarau." A gaban 'yarsa na faɗa, jikokinsa suna ji. Mai shagon ya auna idon, ya ce in an biya yau gilashin zai iso gobe, in aka wuce yau sai Baba yana cikin jirgi.

To ga kati ya ƙi.

Wayata ta yi ƙara. Saƙo ne ta manhajar bankina. Wai Masu Girma na Benen Sama sun lura ana amfani da katina a ƙasar waje, saboda haka, don ƙaunar da suke min, sun riƙe shi har sai na tabbatar ni ne. Allah ya ƙara musu lura. Shekaru ke nan duk wata suna cire min kuɗin amfani da kati a waje, amma sai yau suka gane ina wajen.

Kada a ce ban yaba ba. A makaranta kullum muna kukan yara ba su da ƙirƙira, ashe masu ƙirƙirar duk banki ya kwashe. Akwai kuɗin canji, wannan na fahimta. Akwai kuɗin da ake cirewa saboda an yi canjin, wanda daban ne. In na ciri kuɗi a na'urar bakin titi, bankin nan ya ɗauki nasa don ya ba ni, na gida ya ɗauki nasa don ya yarda a ba ni. In na duba abin da ya rage, a rage. Sannan a aiko min da saƙo a shaida min an cire, a kuma cire kuɗin saƙon. Ranka ya daɗe Shugaban Sashen Cire-cire, duk wanda ya koya maka lissafi ya ci albashinsa da halal.

Tabbatarwar ba wuya, in ji su. Za su aika lamba shida zuwa layin wayata, in rubuta cikin ɗan lokaci kafin ta mutu. Sai dai layin da suka sani na gida ne, kuma a nan ba ya kama ko iska. Makwabcina mai gyaran firiji ya taɓa ce min, "Malam, ka sauya musu lamba mana, kai da ka yi boko." Na ce na gwada. Wata mai zaƙin murya ta ce in zo reshen da na buɗe asusu, da kaina, da katin shaida. Na ce mata ina ƙasar waje. Ta ce ta fahimta ƙwarai, kuma reshen yana buɗewa da safe. Makwabcin ya ce, "To ka je mana." Shi kuɗinsa a cikin tsohuwar tukunyar injin firiji yake ajiyewa, bai san zafin abin ba.

Don haka layin yana gida, cikin 'yar ƙaramar waya mai madannai, a hannun mahaifiyata. Na danna a aika lambar, na kira ta.

"Inna, ina kwana. Wani saƙo ya shigo yanzu, karanto min lambobin."

Ta ce, "Wa ke magana?"

"Ni ne, Inna."

"Haka ɗana ya ce za ku ce."

Nan na gane muryar darasina. Kafin in taso na zaunar da ita na koya mata, na maimaita, na sa ta maimaita: duk wanda ya kira ya nemi lambar banki ɓarawo ne, ko ya ce shi manaja ne, ko ya ce ni ne. A duk shekarun da na yi ina koyarwa ban taɓa samun ɗalibin da ya riƙe darasi haka ba.

"Inna, ai ni na faɗa miki wannan maganar."

"To ka ga ashe ka sani. Ya ce har muryar mutum kuna iya kwaikwaya yanzu. Kai dai ka iya, Allah ya shirye ka."

"Wallahi ni ne."

"Ɓarawo ma yana rantsuwa. In kai ne, wace ƙafa ka karye kana yaro?"

"Ta hagu."

"Wannan duk unguwa ta sani, ihunka har bakin kasuwa."

Lambar ta mutu. Na nemi wata, wayata ta sanar da ni an cire kuɗin nema. Na sake kira, Inna ta ce in ji tsoron Allah in nemi sana'a, ƙarfina bai ƙare ba, ta kashe. Ta biyu ma ta mutu. Sai banki ya gargaɗe ni cikin ladabi cewa in ta uku ta wuce, za a rufe katin sai na zo reshe da kaina. Mutane sun yi layi a bayana. Wani mai jaka ya fara duba agogo da ƙarfi, yadda kowa zai gani. Ni kuma ina lissafin yadda zan shiga gida in dubi uwargida, bayan duk cika bakin da na yi.

Baba, wanda tun ɗazu ya ƙura wa allon gwaji ido kamar ba ya jin komai, ya miƙo hannu. "Malam, ba ni ita."

Na danna neman ta ukun, na kira, na buɗe lasifika, na miƙa masa.

"Salamu alaikum, Hajiya. Baban yarinyarki ne."

"A'a! Alhaji! Kai ne? Ya baƙunta? Ya sanyin wajen?"

Suka shiga gaisuwa. Ya ƙafa, ya yara, ya labarin rufin ɗakin da ke yoyo. Ina kallon lokacin yana zubewa a fuskar wayar, ina kuma murmushi, don ba a katse suruki. Sai da suka gaishe da kowa har da akuyar maƙwabta sannan ya ce, "Wai wata lamba yaron nan yake nema."

"Ashe shi ne? To me ya hana shi faɗa? Bari in matsa wajen haske."

Ta karanto, Baba yana maimaitawa, ina rubutawa. Na'ura ta yi tunani, ta karɓa. Yarinyar kanta har tafi ta yi.

Washegari tabarau ya iso. Baba ya saka, ya dubi jikokinsa ɗaya bayan ɗaya ya ce ashe ƙaramin da ni yake kama, Allah ya kyauta. Sannan ya ce in ba shi wayata ya gwada ƙananan rubutu. Tsautsayi ya sa saƙonnin banki ne a sama. Ya bi su a hankali, layi-layi, bai tsallake ko ɗaya ba. Ya cire tabaran, ya goge, ya mayar.

"Malam, na ga kamar kuɗin tabarau biyu aka cire maka. Ina ɗayan?"

Na ce ɗayan na Masu Girma ne, don su ƙara lura.

Baba ya koma gida lafiya, yana karanta duk allon da ya gani a hanya. Amma Inna ta yanke hukunci, kuma ba a ɗaukaka ƙara: tunda murya ba abin yarda ba ce, daga yau lamba ba ta fita sai ta bakin Alhaji. Yanzu in zan sayi wani abu da katin nan sai in kira Baba, Baba ya kira Inna, su tattauna. Makon jiya takalmi na so saya. Baba ya ce, "Na ƙafarka fa, me ya same shi?" Na yi bayani. Ya ce zai tuntuɓi Hajiya. Bayan an jima ya kira ya ce sun duba maganar, a kai wa mai gyara tukuna. Uwargida ta yi dariya har ta zauna a ƙasan kicin.

Ina roƙon masu karatu abu ɗaya: kada labarin nan ya hau Benen Sama. In suka ji an ƙara min ma'aikatan tsaro biyu a kan asusuna, wallahi kafin azahar za su cire min albashinsu.