Rasuwar Dogo, Keken da Hutu Ya Kashe

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki nake sanar da 'yan'uwa da abokan hanya rasuwar kekena, wanda aka fi sani da Dogo. Waɗanda al'amarin ya shafa su ne: ni mai shi, da babbar 'yata, ma'aikaciyar jinya, wadda nake zaune a gidanta, da mijinta, mai sayar da takin zamani, sai kuma mai gyaran keke na bakin kasuwa, wanda ya tabbatar da rasuwar.

Marigayin bai taɓa son kwalta ba. A kanta tafiya yake kamar wanda aka aika dole. Amma da zarar mun sauka kan burji sai ya sake jiki: tsakuwa na ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin taya, kariya na kaf-kaf a baya, ƙararrawa na kaɗa kanta a kan gargada ba tare da an taɓa ta ba. Akwai wata gangara bayan tsohuwar gada inda nakan ɗauke ƙafa daga feda, iska ta cika mini riga, in manta da gwiwa, in manta da shekaru. Siririyar hanyar da ta ratsa gonaki kuwa, ya fi ni saninta. Sau ɗaya ya taɓa kayar da ni, kuma na shaida laifin yashi ne.

Wannan faɗuwar ce mafarin jinyarsa, ko da yake ni ne na gurje, shi ko ƙwarzane bai yi ba. 'Yata ta ɗaure mini hannu ta ce, "Baba, ka huta mana. Hanyar nan ba guduwa za ta yi ba." Surukina ya ɗauki Dogo cikin ladabi ya jingine shi a sito ya kulle. Da damina ta gabato aka jibge buhunan taki a jikinsa, rufin kuma yana yoyo. Ni ban san taki na cin ƙarfe ba. Surukina ya sani, amma ya manta da wanda ke bayan buhunan. Ranar da aka kwashe su na kama Dogo zan tayar, sai ƙarfen da ya haɗa sirdi da feda ya rabu biyu a hannuna. Ko ƙara bai yi ba.

Mai gyara ya murza tsatsar da yatsa ya ce, "Tsoho, wannan ya zama gari, walda ba za ta kama ba. Da hawansa ake yi, da bai kai haka ba." Na roƙe shi ya maimaita maganar a gaban 'yata. Ya ce shi ma asibitin da take aiki yake zuwa, in rufa masa asiri.

Marigayin ya bar famfo, da ƙararrawa, da tayar gaba mai sauran rai. Ya kuma bar ni. An sayo mini kujera mai taushi an ajiye a baranda. Ana kawo mini abinci a kan kari, ana tambayar lafiyata safe da yamma, ba ni da abin zargin kowa. Sai dai jiya na yunƙura zan tashi gwiwata ta ƙi, sai da na dafa bango. Da na ce a nemo mini wani keken ko da tsoho ne, 'yata ta yi dariya ta ce, "Baba ke nan," ta gyara mini matashi. Ina tsoron kujerar nan ƙwarai.

Za a fitar da gawar ranar Asabar da hantsi, idan mai sayen tsoffin ƙarafa ya iso da kurarsa. Za a karɓi gaisuwa a falo. Ina roƙon masu zuwa, don girman Allah, wani ya zo a kan keke wanda sirdinsa bai cika tsawo ba, ya jingine shi a ƙofar baya, kada ya sa kwaɗo. Saura su zauna da 'yata su tsawaita gaisuwa, tana son a tambaye ta labarin aiki. Ba zan daɗe ba.

Da girma na koyi rubutu, saboda haka duk wanda ya ga kuskure ya taimaka ya gyara mini. Amma ya gyara da kansa, kada ya kai wa 'yata ta duba.