Cindo da Sandar Awon Ruwa

A ƙauyenmu akwai wani mutum, Cindo, yana zaune da matarsa Delu da tsohuwar uwarsa. Mutum ne mai kirki, sai dai abin da aka faɗa masa shi zai yi tsaf, ba ragi ba ƙari. Gonarsa ta mutu, abinci ya yi wuya a gidan. Ana nan sai injiniyan da ke kula da madatsar ruwan da ke saman ƙauyen ya ce yana neman mai gadi wanda ya iya faɗin awo da Turanci. Cindo ya ƙwallafa rai, ya shiga ajin manya na Malam Isiyaku.

Wata rana Malam ya koya musu inci da yadi, ya ce, "Duk abin da kuka gani ku auna, ku faɗa da Turanci." Abin da Cindo ya fara gani a hanya rawanin Maigari ne, ga shi kuwa a kan mai shi. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya kama bakin rawanin ya hau warwara. "Ranka ya daɗe, sikis yad!" Da ƙyar dattawa suka ƙwace shi a hannun jama'a.

Wata rana kuma aka zo kan minti. Malam ya ce kowa ya ƙirga sittin sau goma a gida, kada ya bari komai ya katse shi. Cindo ya kai minti na uku akuya ta faɗa cikin 'yar dawar da Delu ta shanya. "Maigida, kore ta mana!" in ji Delu daga madafa. Ya ɗaga mata hannu, bakinsa na motsi. Ranar da ruwan kanzo suka wuni, shi kuwa sai murna yake ya iya ten minit.

Wata rana injiniya ya ɗauke shi gwaji na mako guda. Ya ba shi sanda mai zane, ya ce, "Kowace awa ka auna ruwan, ka zo ka faɗa mini." Allah sarki, bai san da wa yake magana ba. Cindo ya bi shi kasuwa, ya bi shi wurin aski, har a ƙofar banɗaki ya tsaya yana kiran "Foti inci, Yallabai!" Ran Juma'a injiniya ya gaji. "Daga gobe kada in ƙara ganinka!"

Cindo ya share hawaye ya koma bakin ruwa, tunda goben ba ta yi ba. Bayan awa ɗaya ya tarar da injiniya yana cin abinci. "Tati sikis, Yallabai."

Injiniya ya ɗaga hannu zai kore shi, sai hannun ya tsaya. Kwana shida ruwa na kan arba'in, ba wanda ya buɗe ƙofar madatsar, ina inci huɗu suka tafi cikin awa guda? Ya fita a guje ko takalmi babu. Can gindin madatsar, cikin ciyawa, ruwa na ɓulɓulowa ja wur, daidai saitin gidajen mutane. Aka buga ganga, maza da mata suka fito da buhunan yashi, ba a toshe ramin ba sai la'asar sakaliya.

Ni ina wurin. Gari guda ya tsaya cik, jiki duk laka, ana kallon Cindo, Maigari na ta salati. Shi kuwa ya rungume sandarsa, ya matso a tsorace.

"Yallabai, goben in zo?"

Injiniya ya juyo gare shi. Sannan ya ce, "Kowace awa, Malam Cindo."