Ranar da Biri Ya Caje Ni a Dutsen Hada

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kai ni inda zan riƙa kiran jikokina da sunan juna, da ranar da biri ya caje ni a gaban yara.

Ni da kuke ji, na girmi yawancin otal-otal ɗin da ke tsaye a Misfala, unguwarmu a Makka. Da ƙarfina na sayar da fura, na sayar da goro da turare a bakin titi, kuma ba a haifi ma'aikacin baladiya, wato hukumar gari, da ya taɓa kama kayana ba. Kafin ya sauko daga mota kaya sun shige ƙarƙashin abaya, ni kuma na zama baiwar Allah mai tafiya Harami da carbi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

To, da hutun zafi makarantar haddar unguwarmu ta kwashi 'yan mata ƙanana zuwa muhayyam, wato zaman tanti a kan dutsen Hada, hanyar Ɗa'ifa, su sha iska su ga itatuwa. Jikata Nawal, wadda ta karanci aikin jinya, ita aka ɗora wa lafiyarsu: akwatin magani, bandeji, wa ke da asma, wa ta ƙi shan ruwa. Na ce ƙafata ƙafarta.

Ta ce, "Sitti," wato Kaka, "kina da ciwon suga fa."

Na ce, "Sugan ne zai hana ni hawa mota?"

Ta yarda, amma da sharaɗi: kullum da safe za ta tsira min allura a yatsa ta auna, ranar da ya hau kuwa, a ranar direba zai mayar da ni gida. (Ni kuma na riga na bi maƙwabta ɗaki-ɗaki ina cewa an ɗauke ni mataimakiyar likita. Hajja Zainabu ta saman benenmu har taɓe baki ta yi. Ku gaya min da wace fuskar zan dawo kafin yara.)

Babbar dokar wurin ita ce ba a ajiye abin ci a tanti, saboda biran Hada ba su san kunya ba, ƙanshi kaɗai ke sauko da su. Sai Nawal ta ba ni aikin caje kayan yara. Wallahi kamar don shi aka halicce ni. Na zaro alewa daga cikin safa, biskit daga rigar filo, cingam daga cikin kitso. Jumana, jikar Hajja Zainabun nan, 'yar mitsitsiya mai giɓi, ta tura cakulan can cikin takalmi. Da na zaro shi ta zaro ido.

"Ya Hajja, kef? Yaya kika sani?"

Na ce, "'Yar nan, tun uwarki ba ta yi haƙori ba nake ɓoye kaya."

Abin da na kama, Nawal nake miƙa wa ta kulle a mota. Na miƙa. Mafi yawa. Ragowar kuma ya bi tsohuwar hanya, ya shige lalitar da ke ƙuguna. Hannu ne ya saba, ba ni ba. Ban ci ba fa. To, na ɗan ci, bayan an gama awon safe. Nawal takan dubi na'urarta ta dube ni ta ce, "Yana ɗan motsi, Sitti." In ce iskar dutse ce.

Rannan ta tara yaran a fili za ta koya musu taimakon wanda ya faɗi ya karye. Ta ce wa zai zama majinyaci? Ni da mata ke barin tukunya ta ƙone in ina ba da labari, zan bar wa wata? Na fito tsakiya. Ban faɗi haka kawai ba, sai da na dafe ƙirji, na yi tangaɗi, na yi salati, na bar wasiyya, sannan na zube a tabarma. Yara suka yi tafi.

Suka hau ɗori. Ƙafa suka haɗa ta da katako biyu suka naɗe. Hannun dama suka ɗaure a ƙirji. Bandeji ya yi saura, suka ɗaure na hagu ma. Ina ta gyara musu aiki, sai Jumana ta ce, "Abla Nawal, ba a karyewa a haɓa?" Nawal, 'yar nema, ta ce ana yi mana. Suka zagaye min haɓa da kai suka ƙulle a tsakar ka.

Daidai nan wata yarinya ta yi haɓo, Nawal ta ja ta zuwa tantin magani. Ni kuwa ina kwance, rana na dukan ƙuguna, cakulan ya fara narkewa. Ni kaina ina jin ƙanshin.

Sai na ji ihu, yara suka watse cikin tanti. Na juya ido. Wani ƙaton biri ne, mai furfura a kafaɗa, sa'ana ne in an bi ta shekaru. Ya tako a natse ya zauna kusa da ni kamar mai dubiya. Na so in yi salati, baki a ƙulle. Na so in kai duka, hannuwa a ƙirji. Bai duba tabarma ba, bai duba takalmi ba. Kai tsaye ya kai hannu ƙuguna ya fizgo lalita. Igiya ta tsinke, kaya suka tarwatse a fili, ja da kore da ruwan gwal.

Sai muryar Jumana daga ƙofar tanti: "Cakulan ɗina!"

"Ga alewata!"

"Biskit ɗin ma nawa ne, wallah!"

Shi kuwa yana zaune yana ɓare leda a hankali yana kallona.

Nawal ta fito tana buga murfin tukunya, ya kwashi rabonsa ya haye dutse. Ta kwance min ƙafa, ta kwance hannuwa, haɓar ta bar ta sai ƙarshe (na san da gangan ne). Ta kama yatsana ta tsira. Ta dubi na'ura. Ta ce, "Halas, shi ke nan. A kira direba."

Na hango maƙwabtan Misfala gaba ɗaya suna min dariya. Sai Jumana ta ja rigarta. "La, a'a, Abla, a bar ta. Mu za mu riƙa caje ta."

Haka aka yi. Har muka sauko, kullum da safe sai in tsaya in buɗe hannuwa, yara su yi layi. Jumana ce mai duba takalmi.

Na dawo tare da yara, kaina a sama, na ce an rufa asiri. Washegari Hajja Zainabu ta aiko min da ayaba guda ɗaya, wai a gaida mataimakiyar likita, a ba baƙonta in ya biyo sawu.

Abin da na koya dai: duk wadda za ta miƙa wa yara hannuwanta su ɗaure, ta fara zazzage ƙugunta. Ayabar kuma na cinye, bayan awon safe.