Tunku Bai Ji An Yi Sulhu Ba

A wani daji da ya jingina da teku, yaƙi ya ɓarke tsakanin dabbobin tudu da biran tsibiri. Jirgin yaƙin majalisar dajin guda ne tak, shi ma ya fi ƙwarewa a shan ruwa. Sai aka fito da wata al'ada: duk mai jirgi ya zo a ɗaura masa jar tuta, ya je ya tare jiragen birai. Abin da ya kwaso halal ne, muddin ana yaƙi.

Tunku masunci ne, ko allurar wani bai taɓa ɗauka ba. Toron Giwa, shugaban majalisa, ya dafa shi ya ce, "Tunku, ƙasa na kiranka. Wanda ya ƙwace don cikinsa ɓarawo ne, wanda ya ƙwace da izininmu jarumi ne."

Aka ɗora wa jirginsa igwa, ya tafi tare da wansa. Ya daɗe a ruwa. A can harsashi ya ɗauke wan, Tunku ya saka gawarsa a teku da hannunsa, ba kabarin da zai nuna wa uwarsu.

Ana nan aka yi sulhu a tudu, aka sha kiɗa, aka ci aka ƙoshi. Ba wanda ya tuna da na cikin teku. Bayan sulhun ne Tunku ya kama wani jirgin birai, ya jawo shi gida yana ta murna, bawan Allah. Da igiya aka tarbe shi a bakin gaɓa.

Kura, mai gabatar da ƙara, ta ce, "Ranka ya daɗe, ranar da ya kama jirgin nan birai 'yan'uwanmu ne. Wannan fashi ne tsagwaronsa."

Tunku ya ce, "Ranka ya daɗe, yadda kuka aike ni haka na dawo. Igwar taku ce, tutar ma taku ce. A tsakiyar teku wa zai gaya mini an shirya? Kifi?"

Giwa ya share ƙwalla, ya ce, "Gaskiyarka, ɗana. Amma ga jakadan birai a zaune, dole ya koma da labari mai daɗi."

Aka rataye Tunku a jikin jirginsa. Uwarsa na tsaye tana kallo. Abin da ban tausayi ƙwarai.

Shinkafar da ke cikin jirgin birai kuwa, da yake ita ce shaida, majalisa ta yi ta bincikenta har ta ƙare.