Rasuwar Rakodata a Hannun Baba Kalla

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun hagu a ɗaure, ni Ɗayyabu na Tamaske nake sanar da 'yan uwa rasuwar rakodata, wadda aka kashe ranar Laraba bayan la'asar a ƙofar gidanmu, jama'a na kallo.

Marigayiya mai riƙon amana ce. Duk kaset ɗin da direba ya kawo daga Abijan, ita ke ɗauko maganar da ke ciki ta miƙa wa masu ita, ba ƙari ba ragi. Ko pil, wato batir, ya yi sanyi, sai dai ta ja murya kamar tsoho, amma za ta isar.

Kaya ne suka yi mata yawa. 'Yan cin-ranin garinmu suka taru suka zuba saƙonsu kaf a kaset guda, irin dogon nan mai siririn zare, wai kada a bar kowa. Tun azahar take juya shi tana nishi. Baba Kalla, maƙwabcinmu, yana zaune gaba. Ɗansa Isiyaku ya daɗe da tafiya, ba wanda ya san ko yana raye. Can wajen ƙarshe wata murya ta ce, "Baba Kalla, maganar Isiyaku, mun je har..." Sai marigayiya ta yi ƙirrr, ta haɗiye zaren.

Baba Kalla ya mare ta. Ya ɗaga ta ya maka da ƙasa, ya tattake ta, ya fizge eriyarta ya karya a gwiwa. Na faɗa kanta in kare ta, tabaryar da ya rarumo ta sauka a hannuna, bugu na biyu ya farfasa mata baki. Da gatari ya tsaga cikinta. Ya jawo zaren da yatsu yana kuka, ya kara shi a kunne.

Ni dai ban riƙe shi a zuciya ba, kuma don Allah kada wani ya tare shi da maganar.

Ta rasu ta bar pil ɗinta da sauran ƙarfinsu, da rigar da ƙanwata Balki ta saƙa mata, da kaset-kaset na waƙa waɗanda yanzu ba mai buɗe musu baki.

Za a yi jana'iza gobe da hantsi, bayan rumbunmu. Balki tana nan tana naɗe zaren da biron bik, tana liƙe inda ya tsinke da jan farce. Muna roƙon duk mai rakoda, daga nan har Buza, ya zo da ita a ji sauran saƙon, ba za a bari a taɓa ta ba. Baba Kalla bai sa komai a baki ba tun Laraba, yana zaune inda ta faɗi. Ba za a rufe ramin ba sai ya ji ƙarshen maganar. In alheri ne, a sha fura a watse. In ba shi ba ne, mu ɗauki tabarmi mu koma ƙofar gidansa.