Ranar da Mabruka Ta Kai Ruwa Filin Sukuwa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da goɗiyata Mabruka ta tona mini asiri a gaban rabin unguwarmu ba, kuma ko na so in manta, mutanen Misfala ba za su bar ni ba.

A lokacin ni mai sayar da ruwa ne a Makka, sagga kamar yadda Larabawa ke kiranmu. A nan aka haife ni. Kakana ne ya taso daga ƙasar Kano da ƙafa, ya sauke farali, bai koma ba. Yawancin abokan sana'ata a kafaɗa suke ɗaukar ruwa, garwa biyu a jikin sanda, amma ni na gaji amalanke da goɗiya daga kawuna, shi ya sa nake jin kaina wani abu. Kullum da safe sai in cika babbar gangar amalanken a bazan, inda unguwa ke ɗiban ruwa, in bi gida-gida. Kowane gida da gangarsa a bakin ƙofa. Mabruka ta san aikin fiye da ni. Da ta ga ganga sai ta tsaya cak, ta daidaita gefenta da ita, ta jira in juye. In na gama in ƙwanƙwasa gangar da guga, ta wuce ta gaba. Ba na ko riƙe mata ragama.

Gaskiyar magana, na tsani aikin nan. Ƙafafuna sun tsage saboda jiƙa, yara kuma in sun gan ni ba sa kiran sunana sai "ya sagga".

Sai ga wani labari. Akwai wani attajiri, Sidi Hamza, da ɗansa ya dawo daga gabas, inda ake haƙar mai. Can yaron ya ga Turawa suna wani wasa: a jera ganga uku a fili, mahayi ya shigo a sukwane, ya kewaya kowace ya fita, wanda ya fi sauri bai kayar da ganga ba shi ya ci. Wasan ya shiga ransa, uban kuma ba ya ƙi masa abu. Aka ce Sidi Hamza na neman wanda zai kula masa da dawaki, ya hore su a kan wannan wasa, kuma duk mai so ya zo da dabbarsa ya nuna gwaninta bayan an watse daga hajji. Ɗaki a gidan, abinci daga gidan, ga riga mai tsabta.

Na dawo gida na ce wa matata, "Uwar Safiya, na bar ruwa."

Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Baban Safiya, ka taɓa hawa Mabruka kuwa?"

Na ce ai jinin hawa a jikinmu yake, kakana an ce ɗan gidan masu dawaki ne. (Daga baya na ji cewa ciyawa yake yankar musu.)

Na ari tsohon sirdi, na fara fita da ita da la'asar wani fili a wajen Aziziyya, a hanyar Mina. In ba lokacin hajji ba, wurin babu kowa sai duwatsu da awakin Larabawan daji. Matsala ɗaya ce, ganga. A Makka ta wancan zamani ba mai ba ka aron ganga ka kai daji ka yi wasa. Ganga dukiya ce, wasu ma da sarƙa suke ɗaure tasu. Na tambayi gida biyu, aka dube ni kamar na nemi aron ƙofar ɗaki. Saboda haka sai na samo tsofaffin kwanduna uku na dabino, na cika su da duwatsu, na jera. Na ce ai duk ɗaya ne, abin kewayawa ne kawai.

In faɗi gaskiya, na yi aikin da zuciya ɗaya. Da fari a ƙasa nake jan ta muna kewaya kwandunan a hankali, har ta gane hanyar. Sannan na hau muna tafiya, sannan sassarfa. Na koya mata ta rage gudu kafin kwando, ta lanƙwasa jiki ba ta jingina a kansa ba, ta fita da ƙarfi. Ɓangaren dama ya ba ta wuya, na yi ta maimaitawa har ya zauna. In ta yi daidai in ba ta dabino. Na faɗo ba sau ɗaya ba, amma awaki ba sa kai labari gari. Kafin alhazai su gama watsewa, tsohuwar nan tana kewaya kwandunan kamar don su aka haife ta. Na ji daɗi ƙwarai, har na fara tafiya ina buɗa kafaɗa.

A nan ne bakina ya yanka wuyana. Ana jibi gwaji na ɗauki gugana da mazurarina na kai wa maƙwabcinmu Baba Isuhu, dattijon da ya tsufa a ɗaukar ruwa a kafaɗa. A gaban mutanen da ke zaune a ƙofar masallaci na miƙa masa, na ce, "Baba, ga su kyauta. Ni da ruwa sai dai in sha."

Ya karɓa, ya juya gugan, ya ce, "To, ɗana. Zan rataye maka su inda tsatsa ba za ta kama ba."

Ranar gwaji na sa farar rigata ta salla. Ashe duk wanda na yi wa alfahari ya zo, har da waɗanda ban gayyata ba. An shimfiɗa wa Sidi Hamza darduma a inuwar wani dutse, ana zuba masa shayi. A tsakiyar fili kuwa ga ganguna uku na ƙarfe, sababbi, suna ƙyalli. Na gan su sarai. Ko ɗar ban ji ba, har cewa na yi a raina sun fi kwanduna kyan gani.

Mutum biyu suka riga ni. Na farko ya kayar da ganga, na biyu dokinsa ya tsorata ya nufi Mina da shi. Ɗan Sidi Hamza ya ɗaga hannu ya ce, "Yalla, ya sagga."

Na sakar mata linzami. Wallahi Mabruka ba ta taɓa gudu irin na ranar ba. Iska na kaɗa rigata, ina jin 'yan unguwarmu suna kiran sunana, sunana na gaskiya. Muka doshi ganga ta farko, na karkata jiki, na ja linzami hagu kamar yadda muka saba.

Ta tsaya cak.

Ni ban tsaya ba. Na wuce ta saman kunnuwanta, na sauka da ƙirji a kan gangar, muka yi wata ƙara ni da ita, sannan na zame ƙasa. Da na ɗago kai, sai na ga Mabruka ta ja baya kaɗan, ta daidaita gefenta da gangar, ta sunkuyar da kai tana jira a juye ruwa.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Na tashi na kakkaɓe riga, na sake hawa kamar dama cikin wasan ne. Na zungure ta da diddige, ko gezau. Na lallashe ta da Hausa, na zage ta da Larabci, na sauko na ja ragama. Shekara da shekaru ba ta taɓa barin ƙofar gida ba a cika musu ganga ba, ba kuwa a kaina za ta fara ba. Filin ya yi tsit, irin shirun da mutane ke yi in suna danne dariya don kunyar babba.

Can sai na ji muryar Baba Isuhu daga cikin taro, a natse, kamar mai ba da shawara a kasuwa: "Ɗana, ƙwanƙwasa mata gangar."

Ba ni da wata dabara. Na dunƙule hannu na ƙwanƙwasa. Mabruka ta ɗaga kai, ta taka a hankali, ba kowa a kanta, ta je ganga ta biyu ta daidaita gefe ta tsaya. Ni kuma ina biye da ita a ƙasa da farar riga, takalmi ɗaya a ƙafa. Sidi Hamza ne ya fara fashewa, shayi har ta hanci, shi ke nan kowa ya samu izini. Sai da na ƙwanƙwasa duka ukun kafin ta yarda muka fita daga filin. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, na so ƙasa ta tsage in shige.

Sidi Hamza ya kira ni yana share hawaye. Ya ce, "Ya waladi, ɗana, hawa ba naka ba ne. Amma dabba mai amana irin wannan ban taɓa gani ba. Daga gobe ku riƙa kawo ruwa gidana, kai da ita." Na ce, "Na gode, ya Sidi." Me zan ce?

A gida Uwar Safiya ta gasa mini ƙirji da ruwan zafi, ba ta ce komai ba sai, "Rigar dai za ta wanku."

Abin da ya fi faɗuwar zafi shi ne washegari. Ba a kai ruwa babu guga. Na so in je da sassafe kafin mutane su fito, amma Baba Isuhu ya aiko cewa yana ƙofar masallaci, inda na ba shi. Na je na durƙusa na gaishe shi a gaban mutanen nan dai. Ya ciro gugan da mazurarin daga bayansa, har ya shafa musu mai, ya ce, "Ga su, ɗana. Ka sha ruwan ya ishe ka?"

Na yi shekaru ina kai ruwa gidan Sidi Hamza, kuma dawakin da aka hore a kan wasan nan duk daga gangata suka sha. Abin da na koya kaɗan ne: in za ka koya wa tsohuwa sabon aiki, fara tambayarta ko ta ajiye na da. Kuma kada ka kyautar da guganka sai ka kwana a sabon ɗaki.